Yadda Waya Ta Durƙusa wa Baba Dudu

Ku matso, ku kife waɗannan allunan naku a cinya tukuna. Ba tatsuniya ba ce, babu kura babu zomo a ciki, kuma ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba. Ta riga ta zo, ga ta zaune a gabanku tana shafa man zafi a ƙafa. Jiya na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, amma shi ne mai wandon da ɓera ya ci a gwiwa, yana gaya wa abokinsa wai kakarsa sana'ar zama ta yi: a kafa lema, a ɗora waya a tebur, a jira. To, bari ku ji irin zaman. Akwai ranar da gumin shekara bakwai na wani bawan Allah ya rataya a wuyan waya guda, wayar kuma ɗaure take da roba. Can za mu, amma hanyar sai ta bi ta tasha.

Shekarar da aka kafa dogon ƙarfen sabis ɗin wayar nan a Zuru, mai jan ido da ke ƙiftawa a samansa, ƙosai nake toyawa a bakin tasha. Kawunku Audu yana aikin soja a kudu, sai ya aiko mini da saƙo cikin safa ta hannun wani direba. Da na zazzage, na ce yaron nan dutsen goge kaushi ya aiko mini. Ashe waya ce, shuɗiya mai duhu, gajera, mai nauyi, fuskarta ba ta kai kwalin ashana ba, haskenta kore kamar idon kyanwa. Samari suna kiran irinta bulo. Ni Gajera na raɗa mata, har yau kuma sunanta ke nan. Don ya riƙa jin muryata ya aiko ta, amma kun san garinmu: gidan da babu soja, to akwai a gidan maƙwabci. Audu ya raba wa abokansa lambar kamar goron suna. Ina tsakiyar suya waya ta yi kuka, in goge hannu a zani in ɗauka, sai in ji, Mama, don Allah a kira mini matata a bayan coci. Kafin in dawo ƙosai ya zama gawayi. Da na gaji da toya gawayi, sai na ce sana'a biyu ba sa zama a murhu ɗaya. Na kife kasko, na sayi lema da benci.

Cikin waɗanda suka fara kira har da wani yaro Bawa, wanda yake nema kuma Ladi ce, mai sayar da kunun zaƙi a gefen lemata. Ku da kuka tashi a birni sai na yi muku bayani. A wurinmu Lelna, da Hausawa ke kira Dakarkari, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Golmo yake yi, wato shi da abokan tashinsa su yi wa uban yarinya noma damina bakwai, tun daga sharar gona har girbi. Bawa ya yi shida, aka ɗauke shi soja, abokansa suka cika masa ta bakwai. Abin da ya rage kawai ya zo ya durƙusa a gaban dattawa, ya ce yana nan kan maganarsa, a sa rana. To amma soja ba shi da ƙafar kansa. Aka jefa shi can cikin ruwayen kudu, hutu ya ƙi samuwa. Uban Ladi kuwa, Baba Dudu, wani ɗan tsoho ne a ƙauyen kan tudu ta hanyar Danko, wanda aka ce ya taɓa daina yi wa ƙaninsa magana har damina ta zagayo don ya gaishe shi a tsaye. Duk ranar kasuwa Bawa zai kira, Ladi ta juya mana baya ta yi ta wasa da haɓar zani. In ta kai wa ubanta gaisuwar, sai ya ce shi bai san muryar cikin kwali ba, kwali bai taɓa yi masa noma ba. Ku riƙe wannan a hannu, za mu dawo kansa.

Koyon aikin a wurin Asabe na yi, matar wani kofur da ta zauna bariki a Kaduna, tana da lemarta kusa da masu faci. A shekaru 'yar cikina ce, amma na je na zauna ƙasa a gefen kujerarta kamar sabuwar amarya, tana yi mini faɗa ina cewa to. Ban taɓa shiga aji ba, mutane kuma da lamba suke zuwa, wani a guntun takardar siminti, wani a tafin hannu gumi ya cinye rabi, wata an rubuta mata a bakin ɗankwali. Asabe ta yi ta fama da ni ɗaya, biyu, uku, abin ya ƙi zama. Sai na ce ta bar ni in ba su sunayen da na sani. Ɗaya sanda ce. Biyu agwagwa. Bakwai fartanya, takwas gyaɗa mai 'ya'ya biyu, sifiri ƙwai. Shida da tara su suka fi ba ni wuya, ludayi ne duka, ɗaya a ajiye ɗaya a rataye, na kuwa sha kira wa mace mijin wata saboda su. Daga baya yatsana ya san gidan kowa. Akwai ɗan ƙurji a kan maɓallin tsakiya, in ka taɓa shi ka san inda sauran suke ko da idonka na kan tukunyar wani. Ku gwada wannan a santsin allunanku in gani.

Amma lamba ba ita ce aikin ba. Asabe ta ce mini, in mai kira ya kara waya a kunne, ke kunnenki ya tafi kasuwa. Ki kalli masu faci, ki kori kaji, ki yi kamar an haife ki kurma. Sai dai akwai tsofaffi masu tsoron abin, da waɗanda kunnensu ya yi nauyi, su sai ki riƙe musu, ki ji ki faɗa. Nan kuma dokar ta juya: duk abin da ya shiga kunnenki ya fita ta bakinki yadda yake, kada ki rage gishiri kada ki ƙara. In ɗa ya yi wa uwarsa tsaki, ki yi tsakin. Ni kuwa tun ina yarinya ni ce mai kwaikwayon muryoyi in ana tatsuniya a tsakar gida, don haka wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba. Har ya zama tsofaffi sukan wuce lemar Asabe su zo tawa, wai a wurina ɗan nasu yakan fito da muryarsa.

Wata tsohuwa daga wajen Sakaba ta zo ranar kasuwa, ɗanta zai kira. Da waya ta yi kuka na miƙa mata, ta ji muryarsa, sai ta ce yaron ya zo daga nesa, ba a magana da baƙo kafin a ba shi ruwa. Na ɗauka zolaya ce. Ina juyawa in kori akuya, sai na ji tsulum. Ta tsoma Gajera cikin ƙwaryar kunun Ladi har wuya. Na tsamo ta tana ɗiga, na ɓalle bayanta, na cire batir, na ɗauraye kunun, na binne ta cikin buhun dawa na ce Allah ya ji ƙanki. Bayan kwana biyu na tono ta na mayar da batir, ta buɗe koren idonta kamar barci ta yi. Sai dai ta daɗe tana ƙanshin citta. Haka take. Ta faɗo daga kan kabu-kabu a hanyar asibiti ta rabu uku, fuska can, baya can, batir cikin kwata, na tsince na haɗa ta ci gaba da aiki. Jaki ya taka ta. Jikata ta jefi kare da ita, karen ne ya yi ɗingishi. Batun ci kuwa, raƙumi ce. Wutar lantarki a lokacin baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. In na kai Gajera wurin mai aski da ke da janareta ta sha ta ƙoshi, sai ta kai ni wata kasuwar ba ta ce yunwa ba.

Kada ku ce yabon 'yata nake. Tana da halinta, na kuwa sha shi. Cikinta ƙarami ne, saƙon rubutu kaɗan ya cika ta, wata 'yar ambulan ta yi ta ƙiftawa a goshinta, sai na nemi mai karatu ya kwashe mata, kuma sau da yawa da na amfani ake kwashewa. In hira ta yi tsawo takan gasa kunne kamar an kara dutsen guga. Bakin cajarta siriri ne kamar tsinke, ya lanƙwashe sai an jingina shi da dutse kafin ta yarda ta sha. Akwai wani maciji da ke zaune a cikinta yana cin ƙwaya yana ƙara tsawo, samari su zo da sunan jiran kira su yi ta kiwonsa, har suka goge mini agwagwa da gyaɗa daga kan maɓallai. Da ta tsufa batirinta ya fara rawa a gidansa, ana cikin magana ta ɗauke, sai na naɗe takarda na cusa, na ɗaure ta da robar tayar keke. Ga matan sojoji da filashin, su buga su katse don mijin ya kira, su zaune mini benci rabin yini, abin da zan samu sai godiya. Babban aibinta kuwa biyu ne. Muryarta kunne ɗaya take cikawa, na kusa da kai ba ya jin komai. Kuma ba ta da ido. Wanda ke can yana iya ce maka yana coci alhali yana gidan burkutu.

Muguwar shekara ta zo ne da wayoyi 'yan Caina. Aka cika kasuwa da su, dogaye masu walƙiya, layi biyu, rediyo, har da wani ƙaho da ake zarowa wai talabijin. In an kira, fitilu ja da shuɗi su yi ta zagaye kamar motar 'yan sanda. Masu zuwa lemata suka fara yi wa Gajera dariya, wai Mama ki kai ta gidan tarihi. Na biye musu, na sayi guda na sa mata Doguwa, na mayar da layina cikinta, na jefa Gajera a lalita. Ranar farko jama'a suka taru kallo. Rana ta biyu wata mata ta zo, shugabar zumuntar mata ce a cocinmu, mace mai kamun kai wadda ko dariya da awo take yi. Mijinta ya kira daga bariki. Ita Doguwa ba ta san raɗa ba, ko ba ka taɓa komai ba muryarta har bakin titi. Sai ga muryar dattijo ta cika tasha yana kiran matarsa 'yar tattabarata, yana tambaya ko ta yi kewarsa. Direbobi suka tsaya da lodi. Matar ta ajiye waya a hankali ta gyara ɗankwali ta tafi. Har wata ya mutu wani ya tsaya, in ta zo wucewa 'yan kabu-kabu sai su kama kukan tattabara. Tun daga ranar mata suka ɗauke ƙafa daga bencina. Ashe ƙaramar muryar da nake zagin Gajera a kanta ita ce take riƙe mini mutane. Ga shi Doguwa mayunwaciya ce, ta sha da safe kafin azahar ta suma, batirinta ya kumbura kamar ƙosan da ya ji mai. Ana cikin haka tsakiyar damina tsawa ta faɗa wa dogon ƙarfen. Aka yi gyara sama-sama, sabis ya ƙaura daga tasha gaba ɗaya, sai kan dutsen da ke bayan kasuwa ake samunsa. Asabe ta naɗe lemarta ta koma sayar da gwanjo. Ni kuma na riƙa hawa dutse da masu kira kamar mai kiwon awaki.

A wannan shekarar ce, dawa ta fara ja, Ladi ta zo ba tare da ƙwaryar kunu ba ta zauna a bencina. Ta ce wani ya kai wa ubanta labari wai Bawa ya ajiye mace a bariki. Tsoho ya yanke magana: kafin bikin Uhola da muke yi bayan girbi, in yaron bai durƙusa a gaban dattawa ya faɗi da bakinsa cewa yana nan ba, to ya saki maganar, noman da aka yi ya zama na Allah. Bawa ya nemi hutu an hana shi. Ta ce ita kuma ba ta da wani sai shi, ga abokansa da suka ƙone bayansu a gonar wani suna kallonta. Na ce ta je ta roƙi tsohon ya sauko ranar kasuwa da dattawansa, a bar yaron ya yi magana ta waya. Ta yi sawu ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe ya ce zai zo sayen gishiri, in ya ga dama ya biya ta dutsen.

Ya zo kuwa, da dattawa biyu da sandarsa. Abokan Bawa suka zo a bayansu, Ladi can nesa a gindin wata ɗorawa. Samarin suka ce lallai da Doguwa za a yi, tunda maganar aure tana son shaidu, ita ce kowa zai ji. Na ga kamar da gaskiyarsu. Muka hau dutse, aka shimfiɗa wa dattawa buzu. Can sai Doguwa ta ɓarke da kiɗa, fitilu na zagaye, na danna. Muryar Bawa ta fito kamar mai tallan maganin basir a lasifika, yana ta halo, halo, kuna ji na. Har masu sayar da doya a ƙasa suka ɗago kai.

Baba Dudu ya dube ni ya ce, "Uwar Audu, wannan shi ne yaron? Ni zai yi wa ihu a gaban kasuwa?"

Ya laluba sandarsa. Kafin in buɗe baki Doguwa ta yi wani ɗan kuka ta mutu, ga shi da safen nan ta sha. Tsoho ya ce to, ko kwalin ma ya ji kunya, shi zai je sayen gishirinsa.

Na roƙe shi ya ba ni gwargwadon cin goro ɗaya. Na kwance lalita na ciro Gajera, wadda rabonta da caji har na manta. Na ciro layin daga Doguwa, na kwance roba, na sa, na cusa takarda, na ɗaure. Ta buɗe ido. Ba a jima ba ta yi ɗan kukanta na tsuntsu. Na miƙa wa tsoho, ya kau da kai, ya ce bakin suruki a cikin kunnensa, shi matarsa ce? Na ce to ni zan riƙe in faɗa. Sai dai sabis ɗin wurin sai an miƙe tsaye an ɗaga kai, ni a tsaye, dattawa a zaune. Ya ce ashe abin ya kai yaron ya gaishe shi daga saman kansa.

Nan fa aiki ya tsaya. Waya tana son sama, gaisuwa tana son ƙasa. Na ce wa Bawa ya riƙe kada ya katse. Na sa samari suka ɗauki buzu suka kai can ƙololuwar dutsen, suka riƙe dattawa suka hau da su, tsoho na mita yana cewa gishiri ya zo saye ba kiwon birai ba. Ni kuma na riƙa saukowa da baya, taki ɗaya in duba fuskar Gajera, 'yan sandunan sabis na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har na samu wani ɗan tudu ƙasa da ƙafafunsu inda sanda ɗaya ta rage tana rawa. In na sunkuya ta tafi, in na miƙa wuya ta dawo. Sai na kafa gwiwa a kan dutse, na miƙa wuya kamar zakara zai yi cara, na kara waya.

Na ce, "Baban Ladi, yau ni ba uwar Audu ba ce. Yaron ya ari bakina, ya ari gwiwata. Abin da ya faɗa shi za ka ji."

Bawa ya yi gaisuwa da yarenmu, doguwa, ta gida da gona da awaki, ina maimaitawa da muryarsa, a hankali, ido a ƙasa. Tsoho ya amsa a daƙile. Ya ce shi bai tabbata ma yaron ne ba, a tambaye shi garmar wa ta karye a gonar bakin rafi. Na tambaya, na saurara, na faɗa: tawa ce Baba, kuma kai ka ce hannuna na cin tuwo ne ba na noma ba. Dattawa suka yi murmushi. Aka zo batun matar bariki, Bawa ya ce abin da yake kwana da shi bindiga ce da sauro, kuma sauron ma ba shi ya gayyato su ba. Ya ce yana nan kan maganarsa, bai saki ba, ba zai saki ba, dattawa su shaida. Dutse na cin gwiwata, kunnena ya gasu, amma na ce an gama.

Ba a gama ba. Baba Dudu ya juya goro a baki ya ce, "Magana na ji ta. Ke kuma na ga kin durƙusa. Shi wa ya gan shi? Wa ya sani ko a kwance yake, ƙafa ɗaya kan ɗaya?"

Gajera ba ta da ido, na gaya muku. Na tambayi Bawa, ya ce wallahi a durƙushe yake, na faɗa, tsoho ya ce wallahi ba ta da tsada. Samari suka sunkuyar da kai. Na hango Ladi ta juya ta fuskanci ɗorawa.

Sai na ji wata murya daban a cikin wayar, can bayan Bawa, katuwa, irin ta mai ba da oda. Ban tsaya tunani ba, dokar Asabe ce, abin da ya shiga kunne ya fita ta baki. Na buɗe maƙogwaro na yi ta yadda na ji ta:

"Kai Bawa! Ka haukace ne? Ka durƙusa cikin laka kana gaida waya? Tashi!"

Dattawa suka zabura, ɗaya har goronsa ya faɗi. Na ƙanƙantar da murya na yi ta Bawa: "Oga, surukina ne."

Na saurara. Na sake buɗe maƙogwaro: "Surukinka? To koma ƙasa. Cire hular ma, mara kunya. Haka aka koya maka a gidanku?"

Sai dattijon da goronsa ya faɗi ya fara dariya, na biyu ya kama, samari suka ɓarke har wani ya kusa gangarawa. Baba Dudu bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya tambaye ni wane ne wancan, na tambaya na ce sajensu ne. Ya gyaɗa kai ya ce wannan ɗan mutunci ne, an haife shi a gida.

"Ki gaya wa yaron ya tashi, kada ya ɓata wandon gwamnati. Maganarsa tana nan. Duk ranar da suka sake shi ya zo ya ɗauki matarsa." Ya dube ni daga sama. "Ke ma tashi, uwar Audu. Da girmanki."

Na faɗa wa Bawa. Ina rufe baki takardar da na cusa ta zame, batir ya motsa, Gajera ta ɗauke. Ta jira sai da aka gama, ita ma an haife ta a gida. Tashin ne ya gagare ni. Abokan golmo suka ciccibe ni kamar buhun dawa suka sauko da ni har tasha, Ladi na biye da takalmana a hannu.

Bawa ya samu hutu bayan Uhola da 'yan watanni, aka yi biki, Baba Dudu ya aika wa sajen da zakara ta hannun Bawa. Sana'ar kuwa ba ta daɗe ba bayan nan. Waya ta yi arha, kowace mace ta ɗaure tata a haɓar zani, lemomin tasha suka naɗe ɗaya bayan ɗaya. Na koma kaskona. Doguwa na ba yara suka yi mota da ita. Gajera tana nan cikin adudu, ƙarƙashin zannuwana, robar tana jikinta. Bara na sa an nemo mata caja a wurin masu gwangwan, ta buɗe ido ta tambayi layi.

Ku naku suna da ido, na sani, har hancin mutum kuna gani daga Legas. Da irinsu ne a ranar, da ba a nemi bakina ba, da ba a nemi saje ba. Ban ce ba su da amfani ba. Sai dai in kun kira ni gaisuwar Kirsimeti, ko ban kalli allon ba, kunnen nan da Gajera ta gasa yana jin ƙarar katifa a ƙarƙashinku.

Iyakar abin ke nan, na ɗaure shi da roba. Kai mai wandon da ɓera ya ci, ajiye allon ka zo ka ɗaga ni. A hankali, ta wannan gefen. Sana'ar zama ce ta yi mini haka.